Shekarar da Na Yi Fim a Kan Mahaifiyarku

Ku ukun nan, Nana da Sirajo da Bashar, kun tashi kuna jin mutanen Gwadangaji suna cewa ubanku ya yi fim a kan budurwarsa tun ba a gama zaman makokin matarsa ba. Ban taɓa zaunar da ku na ba ku amsa ba. Da farko ina ganin ku yara ne, daga baya kuma sai na ga kamar maganar ta tsufa. Ba ta tsufa ba, don kwanan baya wani jikana ya tambaye ni ko gaskiya ne. Yanzu da idona ya yi rauni na ajiye kyamara, ina da lokaci, shi ya sa zan faɗi yadda abin ya gudana, a jere, kamar yadda nake iya tunawa.

Sana'ata kun san ta, ɗaukar bidiyon biki da suna da saukar karatu. A lokacin da nake magana a kai, in dai ana hidima a Birnin Kebbi ko Argungu da wuya ba a gan ni da kyamara a kafaɗa ba. Mahaifiyarku Habsatu 'yar Argungu ce, kuma a wajen wani biki na fara ganinta. Ciwon hanta ne ya ɗauke ta, cikin ɗan lokaci kaɗan, har ban gama yarda cewa ciwon mai tsanani ne ba sai ga mu muna dawowa daga maƙabarta. Nana tana makarantar sakandare a lokacin, Sirajo yana firamare, Bashar kuwa bai daɗe da fara magana sosai ba. Yayata, Goggonku Ladi, ta tattara kayanta ta dawo gidanmu don ta riƙe ku.

Abin da ya fi damuna a watannin nan shi ne yadda sunan Habsatu ya ɓace daga gidan. Ba wanda ya hana a faɗe shi, amma kowa ya daina. Goggo Ladi tana cewa "marigayiya". Maƙwabta suna cewa "mai rasuwa". Masu ta'aziyya sukan ce in yi haƙuri, ni kuma in ce na gode, su shafa fatiha su tashi. In Bashar ya tambayi Ummarsa sai Goggo ta ɗauke shi ta kai shi ƙofar gida ta saya masa alewa. Ni ma haka na bi. Ina shigowa in tambayi ko an ci abinci, in duba littattafan Sirajo, in shige ɗaki. Nana takan kawo mini tuwo ta ajiye ta ɗan tsaya a bakin ƙofa, ni kuma in ce mata ta je ta huta. Ina ganin tausayi ne nake yi muku.

Da damina ta yi nisa aka kira ni aiki a Argungu, bikin ɗan wani abokina. Shi ne aiki na farko da na karɓa bayan rasuwar. Na yi shi yadda ya kamata, na biya na gaida kakarku Inna Kulu, washegari da hantsi na shiga motar haya zuwa gida. Mun wuce Ambursa, muna dab da Zauro, motar ta fara tururi ta tsaya. Direba ya buɗe gabanta ya ce fanbel ne ya tsinke, sai ya je Birnin Kebbi ya samo wani. Ya hau kabu-kabu ya tafi. Sauran fasinjoji ma ɗaya bayan ɗaya suka tare babura suka watse. Ni ban iya ba, saboda ina da kyamara da ƙafarta da fitilu da akwatin wayoyi. Mutum ɗaya ce ta rage tare da ni, wata mace da ke da manyan kwanduna na bandar kifi a ɗaure a saman motar.

Muka koma ƙarƙashin wata tsamiya a gefen hanya, ita a kan saiwa ɗaya, ni a kan wata. Gabanmu fadama ce, shinkafa kore shar har inda ido ya tsaya, ruwa ya kwanta a tsakanin kunyoyi. Daga ɗaurin ɗankwalinta na gane Bayarabiya ce, amma da ta buɗe baki sai na ji Hausar Kabi tsantsa, irin ta tsofaffin cikin gari. Shekarunta za su yi kusa da nawa. Ta ciro gyaɗa dafaffiya daga jakarta ta zuba mini a murfin kwano, ta turo shi tsakaninmu. Da na ɗauki kaɗan na tura mata sauran sai ta dube ni.

"Malam, wa ya rasu maka?"

Na ce mi ta gani.

"Rigarka ta hi ƙarhinka. Wanda ya ɗinka ta ba wannan jikin ya auna ba. Ni ma haka zannuwana sunka koma."

Na ce matata ce. Ina jiran ta ce in yi haƙuri, har na shirya godiyata. Ta yi mata addu'a, ta ɓare gyaɗa, sa'annan ta ce:

"Mi sunanta? Wace iri ce?"

Tun da Habsatu ta rasu ba wanda ya yi mini wannan tambayar. Na fara da ɗan abin da ya zo bakina, na ce tana son ƙanzon tuwon shinkafa, ba ta barin kowa ya kankare tukunya sai ita. Daga nan ban san yadda aka yi ba, sai ga ni ina ba wata baƙuwa labarin yadda mahaifiyarku ke tsoron kwalekwale duk da a bakin gulbi aka haife ta, da yadda take gyara wa masu karanta labarai a rediyo Hausarsu, da yadda take kallon kowane kaset na biki kafin in kai wa masu shi, ta ce amaryar nan ta yi dace ko ba ta yi ba. Matar tana saurare, wani wuri ta yi dariya, wani wuri ta tambaye ni ƙarin bayani. Da na gaji ita ma ta ba ni nata. A Birnin Kebbi aka haife ta, ubanta ɗan kasuwa ne da ya zo daga kudu tun yana saurayi. Ɗanta guda, Sikiru, ya je wanka da abokansa a gulbi bara, ruwa ya tafi da shi. Ta ce a wajensu da sunan ɗa ake kiran uwa, don haka duk kasuwa Iya Sikiru ake ce mata.

"Kowa ya zo sayen kihi sai ya kira sunanai," in ji ta. "Wasu sun hwara ce mini Hajiya don kak su tuna mini. Na ce su bari. Ai ban manta ba balle a tuna mini."

Mijinta ne ya kasa zaman gidan. Ya sayar da shagonsa, sati mai zuwa za su koma garinsu a kudu, garin da ita ba ta taɓa yin wata guda cikinsa ba. Kifin da ta sayo na tsaraba ne, ba na sayarwa ba.

Mun yi sallar azahar a nan, ita can gefe, ni a kan buhun da wani manomi ya ara mini. Mun ci gaba da hira har rana ta karkata. Ba zan ɓoye muku ba, da na hango direba yana dawowa a bayan babur ban ji daɗi ba. Na so a ce bai samo fanbel ɗin ba. Iyakar abin ke nan, kuma ko wannan ban faɗa mata ba. Aka gyara mota, ta zauna a gaba, na zauna a baya da kayana. A tasha ta kira mai baro ya ɗauki kwandunanta, ta juyo ta ce Allah ya jiƙan Habsatu, na ce Allah ya jiƙan Sikiru. Ban sake ganinta ba har yau. Sunanta na yanka ma ban sani ba.

Bayan wannan rana na fara cin abinci. Sai kuma abin ya riƙa dawo mini a kai kamar hoto, ina ganin inda zan ajiye kyamara, da inda haske zai faɗo ta cikin ganyen tsamiya. Na daɗe ina son in yi fim nawa na kaina, amma aikin biki bai bar ni ba. Na je wajen abokina Malam Bello, malamin makaranta ne da ke cikin wata ƙungiyar wasan kwaikwayo, na ba shi labarin mutum biyu da mota ta lalace da su. A cikin labarin na mai da matar bazawara wadda mijinta ya rasu, don kada in taɓa sirrin Iya Sikiru. Su biyun suna jin wani abu game da juna, kowa ya gane, ba wanda ya furta, a tasha su rabu. Malam Bello ya yarda zai fito a matsayin mutumin. Matar kuma muka samu Rabi, wadda ke wasan kwaikwayo a rediyo. Muka sa wa fim ɗin suna Kafin a Gyara Mota. A ƙarƙashin tsamiyar nan ta kusa da Zauro muka ɗauka, ranakun Asabar da Lahadi, da kyamarata ta biki da motar wani ɗan'uwan Malam Bello. Manoma sukan tsaya da fartanya a kafaɗa suna kallonmu, sai mu roƙe su su matsa.

Da na gama tacewa na kai shi Kano wajen 'yan kasuwar fim. Wanda ya fi ba ni lokaci cikinsu ya kalli rabi ya kashe.

"Ina waƙar?" ya ce.

Na ce babu.

"To a ƙarshe sun yi aure?"

Na ce ba su yi ba.

"Malam, mutum biyu a gindin bishiya suna hira tun daga farko har ƙarshe, ba waƙa, ba aure, ba mugu. Wa zai saya? Ka je ka sa musu waƙa ko guda biyu, ka dawo."

Ban koma ba. Na yanke shawarar in buga faifan da kaina in rarraba wa masu shaguna a Birnin Kebbi da Argungu.

Abin da ban lissafa ba shi ne wannan: maganganun da na sa a bakin Malam Bello game da matarsa duka na Habsatu ne. Ƙanzon tuwo, tsoron kwalekwale, gyaran Hausar rediyo, ban canza ko ɗaya ba, sunan kawai na sauya. Na gwada ƙirƙiro wasu halaye, sai su fito ba rai. Wata rana da yamma ina duba fim ɗin a falo kafin in kai a buga, ban san Nana ta dawo daga islamiyya tana tsaye a bayana ba. Ta kalla har inda mutumin ya gama ba da labarin matarsa, matar kuma ta yi masa murmushi. Sai na ji muryarta.

"Baba, wagga Umma ce."

Na ce fim ne.

"Umma ce. Ita kuma waccan wace ce?"

Na ce mata labari ne kawai. Da na faɗa mata gaskiya a ranar, watakila da abin ya zo da sauƙi, amma na ji nauyin in ce wa 'yata na yini ina hira da wata mace a bakin hanya. Ta tsaya tana kallon talabijin ɗin, ba ta ɗaga murya ba, ba ta yi kuka ba.

"Tun da Umma ta rasu ba ka taɓa yi muna maganarta ba. Kullum sai ka ce in tahi in huta. Ashe kana da magana. Mutanen gari za ka ba."

Ta shiga ɗaki. Washegari ta gaya wa Goggo Ladi, Goggo ta gaya wa wata, kafin ƙarshen sati labari ya isa Argungu. Kawunku Sani, yayan Habsatu, ya zo da kansa. Mutum ne mai sanyin hali, noman albasa da shinkafa yake yi, bai saba da doguwar magana ba. Muka zauna a zaure ya ce Inna ce ta aiko shi. Ba a ce in ƙone aikina ba, an dai roƙe ni in cire duk abin da ya shafi 'yarsu, ko in ajiye fim ɗin har yara su girma.

"Kowa ya san Habsatu a Argungu," ya ce. "In anka ji zancen kwalekwale za a gane. In anka gane ta, za a ce waccan matar ma akwai ta. Kai namiji ne, ka iya ɗauka. Nana ce za a riƙa nunawa."

Na ce zan yi tunani, kuma na yi. In na cire maganar Habsatu babu fim, don ita ce tsakiyarsa. In na ajiye shi, Malam Bello da Rabi da duk waɗanda suka ba ni ragowar daminar nan kyauta sun yi aikin banza. Amma ba wannan ne ainihin dalilin ba. A shekarar nan fim ɗin ne kaɗai wurin da ake maganar mahaifiyarku kamar mutum mai ɗabi'u da abin dariya, ba kamar kabari ba. Na ji in na kulle shi a akwati, ni ma zan koma yadda nake kafin motar ta lalace. Na je Argungu na durƙusa gaban Inna Kulu na ce ta gafarce ni, zan fitar da shi. Tana zaune a kan tabarma tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba.

"Baban Nana, matarka ce, kai ka san abin da kunka yi da ita. Amma ni ɗiyata ce, kuma ban ba ka ita don a sai da ta a shago ba. Tashi ka tahi."

Fim ɗin ya fito da kaka. Bai yi kasuwa ba, kamar yadda mutumin Kano ya faɗa. Matasa sun ce barci yake sa su. Waɗanda suka so shi ba su da yawa, kuma mafi yawansu ba su faɗa a fili ba. Wani tsohon direba da matarsa ta rasu ya tare ni a bakin masallaci ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba. Wata malamar asibiti ta aiko a saya mata faifai da yawa, ban san wa ta ba ba. Maganar da Kawu Sani ya hango kuwa ta zo daidai. Wasu suka ce Rabi ce budurwar, har sai da mai neman aurenta ya janye na wani lokaci. Wasu suka ce wata ce a Ambursa. A makaranta 'yan ajin Nana suka riƙa tambayarta yaushe za a kawo amaryar mota. Da aka yi hutu ta ce za ta je gaida Inna Kulu. Ta ɗauki jaka ɗaya, bayan sati ta aiko a kai mata sauran kayanta. A can ta ƙarasa makaranta. In na je ganinta, takan fito ta durƙusa ta gaishe ni ta amsa abin da na tambaya, ta koma ciki.

A gidan Inna aka yi aurenta. Ni na ɗaura, ni na yi duk abin da uba ke yi. Amma da aka zo maganar bidiyo sai Kawu Sani ya ja ni gefe ya ce amarya ta ce a ɗauko mai kyamara daga Sakkwato. Na ɗauki auren 'ya'yan mutane a garuruwan nan biyu ba adadi, na 'yata kuwa a ƙarƙashin rumfa na zauna, ina kallon wani yana ɗauka rana na dukan gilashin kyamararsa. Ban tashi na gyara masa ba. Bayan shekaru na auri Antinku Maryam, wadda Goggo Ladi ta nemo mini, mutane kuma suka ce ai ita ce ta fim ɗin, alhali a lokacin da aka yi shi tana gidan mijinta na farko a Jega.

Haka muka zauna shekaru masu yawa. Inna Kulu ta tsufa, idonta ya rufe, Nana ce ke zuwa kullum daga gidan mijinta tana yi mata girki. Wata rana Kawu Sani ya kira ni a waya ya ce Inna na nemana, kuma ta ce in zo da "abin nan". Sai da na tambaya sau biyu kafin in gane. Na sa fim ɗin a kwamfuta na tafi. Bayan la'asar ne, tana zaune a inuwar ɗakinta, Nana tana madafa, ƙofar a buɗe.

"Ban iya gani," in ji Inna. "Ka ƙara murya in ji."

Na kunna na ajiye kusa da ita. Ta saurara tana jan carbi. Da aka zo kan ƙanzon tuwo ta gyaɗa kai. Da aka zo kan kwalekwale ta ce tun ranar da ya kife da su tana goye ne. Sai Malam Bello, a cikin fim ɗin, ya ce matarsa ba ta taɓa ɗaga masa murya ba tun da aka kawo ta gidansa. Inna ta ɗaga hannu.

"Tsaya. Nan ka yi ƙarya, baban Nana. Habsatu ce ba ta ɗaga murya? Yarinyar da tun tana tatata take hwaɗa da 'yan tallan nono?"

Na ce ai ni ba ta yi mini.

"Ta yi maka," in ji Nana daga madafa. Ta fito da muciya a hannu ta tsaya a bakin ƙofa. "Ranar da ka ɗauki tukunyarta sabuwa ka ara wa masu biki ba ka gaya mata ba. Har maƙwabta sai da sunka leƙo."

Na ce ba tukunya ba ce, tire ne.

"Tukunya ce, Baba. Mai hannu biyu."

Inna ta kama dariya har tari ya sarƙe ta. Daga nan ta shiga ba da labarin yadda Habsatu ta kori wani mai neman aurenta saboda yana tauna da ƙarfi, labarin da ban taɓa ji ba. Nana ta jawo kujera ta zauna, ta faɗi nata, na faɗi nawa, muna musu a kan wace shekara ce aka yi wane abu. Tuwon da ke kan wuta ya kama. Fim ɗin ya kai ƙarshe ba wanda ya lura, sai da aka kira magariba na ga allon ya yi baƙi.

Da zan tafi Nana ta yafa mayafi ta rako ni zaure, ta riƙe mini jakar kwamfutar ina sa takalmi.

"Baba, matar nan ta mota, akwai ta?"

Na ce akwai ta. Na gaya mata a taƙaice, a tsaye, abin da na rubuta muku a nan: Bayarabiya ce mai kifi, ɗanta ne ruwa ya ci, yini ɗaya muka yi, ban sake ganinta ba.

Ta miƙo mini jakar.

"Mi sunan ɗan?"

"Sikiru."

"Allah shi jiƙan Sikiru," ta ce. "Ka gaida Anti. Ka hanzarta, kak ka rasa mota."